Darussan da na koya a aikin ɗaure babura kan tirela

Na ajiye aikin lodin babura, kuma tun da na tafi yaran da na bari a garejin ke bugo waya, wannan ya tambayi inda ake maƙala ƙugiya, wancan ya tambayi abin da ke sa shok zubar da mai bayan an sauke kaya. Gara in tara amsar wuri guda. Duk wanda ya yi aikin nan a Katsina ya san tsarinsa: kaya su iso daga Kano, a haɗa su, a loda a ƙaramar tirela ko a bayan a-kori-kura, a nufi Daura, Mai'aduwa, Zango ko Jibiya. Batun rasit da duba lambar inji kowa ya iya. Ɗauri ne ba a koyarwa, alhali a wurin ɗauri ake ɓarnar dukiya, a nan kuma ake cin zalin yaro.

Akwai umarnin da aka ɗora mana shekara da shekaru daga bakin wanda ke sama da mu. A kafe babur a kan ƙafarsa ta gefe, a zarga igiya a bakin hannuwansa, a ja har shok ya zauna, a tashi mota. In ka ce, "Ranka ya daɗe, a bari in naɗe ƙafar," amsar ita ce, "Kai yaro, yaushe aka haife ka? Ja mu tafi." Idan an isa aka tarar ƙafa ta lanƙwashe, ko kai ya karkace, ko mai ya jiƙa sandar shok, ba a tuna wanda ya ba da umarnin. Sai ƙarshen wata a zabtare kuɗin gyara daga albashin yaro, a kuma ce a gaban mutane ba shi da lura. Yara nawa suka bar wurin da tambarin sakaci, alhali abin da aka ce su yi suka yi. Abin yana ci mini rai har yanzu. Shi ya sa zan bi umarnin nan gaɓa-gaɓa, domin duka gaɓoɓinsa uku kuskure ne, kuma kowanne da irin ɓarnar da yake jawowa.

Ƙafar gefe an yi ta ne don ta riƙe babur yana tsaye a ƙofar gida. A kan tirela, tayoyi suna da iska da shok da ke shanye girgiza, ita kuwa ƙarfe ce tsagwaronta, babu komai tsakaninta da daɓe. Duk ramin da tayar tirela ta faɗa, ita ke karɓar dukan kai tsaye. Ko ta lanƙwashe, ko kunnen da aka yi mata walda a jikin firam ya tsage, ko ta huda katakon daɓen ta nutse, babur ya ƙara kwantawa, ɗauri ya saki. Kafin ma a kai can, babur ɗin da ya jingina hagu ba zai samu ɗauri daidai ba, domin igiyar hagu ta zama gajera a tsaye, ta dama doguwa a kwance, kowacce da irin jan da take yi. Ƙafar tsakiya ba ta fi ba. Tana ɗage taya ɗaya, ta bar ƙarfe yana gogar daɓe, sai babur ya riƙa matsawa kaɗan-kaɗan da kowace girgiza. Babur a miƙe yake tafiya, a kan tayoyinsa biyu, ƙafafunsa a naɗe.

Sai bakin hannu. Ana son wurin ne don ba sai an sunkuya ba. Amma hannun babur bututu ne siriri, kuma ja daga ƙarshensa yana ninka ƙarfin da ke sauka a tsakiya inda aka ɗaure shi da noti. Ko ya lanƙwashe, ko ya juya a mazauninsa ya sunkuyo, nan take ɗauri ya yi sako-sako. Robar riƙo tana zamewa idan rana ta gasa ta. A hannun dama kuma, ƙarƙashin robar nan bututun totur ne, na roba mai tauri, wanda ke tsagewa idan igiya ta matse shi. Sai an sauke a ga totur yana maƙalewa ba ya komawa da kansa, kuma wannan abu ne da ke kashe mutum a titi. Wurin ɗauri na gaskiya yana ƙasa da fitila: akwai ƙarfe mai kauri da ya haɗe sandunan shok biyu, to sama da shi kaɗan za ka zagaya kowace sanda da zoben bel mai laushi, ka maƙala ƙugiya a jikin zoben, kada ƙarfe ya taɓa ƙarfe. Kafin ka ja, sa yatsa ka bi bayan zoben ka tabbatar ba ka haɗa da tiyon birki, wayar kuloci, wayar mita ko wayoyin wuta ba. Idan fitila ko murfin gaba sun rufe wurin har dole sai hannu, to can ciki, dab da inda aka ɗaure shi.

Na uku shi ne wanda aka fi gardama a kai, wato yawan ja. Babur kaya ne mai shok, yana lotsawa yana tasowa. Idan ɗauri ya yi sanyi, da an faɗa rami shok zai ƙara lotsawa, bel ya yi laushi na ɗan ƙiftawar ido, ƙugiya ta fice daga zobenta, babur ya taso babu mai riƙe da shi a gefe ɗaya. Tsoron wannan ne ke sa mutane ja har ƙarshe. Amma idan aka danne shok ya zauna, iskar da ke kulle a saman man cikinsa ta matsu, tana tura man tana neman hanya, kuma duk oyilsil, wato robar da ke tare man, da ya fara gajiya zai ba ta hanyar. Za ka gane shi da an sauke: zobe na mai a jikin sandar, ƙurar hanya ta manne masa ta yi ja, wani lokaci har ya gangara ya ɗiga kusa da birki. Ban da haka, shok ɗin da ya zauna ba ya shanye komai, duk dukan hanya sai ya koma kan bel, kan zoben daɓe, da kan boris ɗin wuya. Abin da ake so shi ne a danne kamar kashi ɗaya cikin uku na tafiyar shok. Na baburan haya irin su Bajaj Boxer tafiyarsa wajen santimita 12 ce, ke nan santimita 4 ya isa, in hanya ta yi muni a ƙara kaɗan, kada dai a wuce rabi. Wanda bai saba ba ya ɗaura zare a jikin sandar dab da bakin roba kafin ya fara ja, zaren zai nuna masa iya inda ya kai. Ficewar ƙugiya kuma maganinta ƙugiya mai marufi, ko a naɗe bakinta da salatif, ko a zura bel ta cikin zoben a dawo da ƙugiyar ta kama jikin bel ɗin.

Masu cewa ai tafiyar ba nisa, su duba lissafi. Ƙa'idar ɗaurin kaya da ake bi a Turai tana ɗauka cewa idan an taka birki da ƙarfi kaya na tunkuɗowa gaba da kashi 80 cikin 100 na nauyinsa, a kwana kuma yana ture gefe da kashi 50. Babur mai kilo 120 ke nan zai danno gaba da ƙarfin kusan kilo 96, gefe kuma kilo 60, kuma nauyinsa a sama yake kan tayoyi biyu siraran da ba sa tsayuwa da kansu. Birkin gaggawa ba ya jiran a yi nisa. Akuya ɗaya a fitar gari ta isa. Ƙaramar tirela kuma ta fi mota tsalle, domin sifirin ɗinta an yi shi ne don cikakken lodi, idan babur ɗaya ko biyu ne a kai sai ta riƙa dira kamar babu sifirin.

Kayan ɗauri su ne abin da aka fi yi mana rowarsa. Bel huɗu kowane babur yake buƙata, mai faɗin milimita 25 zuwa 35, da zobba masu laushi aƙalla biyu. Manyan bel na milimita 50 da ake ɗaure siminti a gingimari sun fi ƙarfin babur, racet ɗinsu, wato hannun da ake matse bel da shi, na iya lanƙwasa ƙarfe kafin hannunka ya ji nauyi. Bel na kirki yana da ɗan ƙyalle ɗinke a jikinsa mai nuna nauyin da yake ɗauka. Mai shuɗin ƙyalle na foliyesta ne, shi ya fi dacewa domin ba ya miƙewa sosai kuma ruwa bai cika canza shi ba. A gaba na fi son mai ɗan harshe da ake ja da hannu, saboda ƙarfin mutum ba ya kai wa ga ɓarna. Idan mai racet ne, bel ya naɗu sau 2 zuwa 3 a kan sandar racet ɗin: ƙasa da haka zai zame, fiye da haka zai cunkushe ya ƙi kwancewa. A rufe hannun racet har ya yi ƙas. Bel ɗin da ya tsage a gefe, ko aka ƙulla shi don an haɗa tsinkakke, ko ya koɗe har kana murza shi yana bar maka gari a yatsa, ya gama aiki. Rana ce ke cinye shi, kuma ranar Katsina ba ta wasa, don haka ba a barin bel a bayan mota yana kwana yana wuni.

Na san da yawa igiya za a miƙa musu. Shuɗiyar igiyar leda tana miƙewa, ƙullinta yana zamewa, rana kuma tana busar da ita ta karye ba gargaɗi. Idan babu makawa, a nemi mai kaurin milimita 10 zuwa 12, a yi ƙullin 'yan lodi: ka yi ɗan zobe a tsakiyar igiyar, ka zagaya bakinta ta ƙarfen daɓe, ka dawo da shi ta cikin zoben, ka ja ƙasa, ka danne da yatsa, ka kulle da ƙulli biyu. A sa tsumma duk inda ta taɓa fenti. Robar tsohuwar taya da ake ɗaure buhu a bayan babur ba ta cikin lissafi sam. Amfaninta ɗaya, a naɗe hannun birkin gaba da ita.

Kafin babur ya hau, tirela ta kasance a maƙale da mota, an ja birkin hannu, an sa waigi. Tirelar da ba a maƙala ba tana ɗaga kai sama da zarar nauyi ya taka bayanta. Katakon hawa a ɗaure shi da jikin tirela ko motar, domin tayar baya tana harba shi baya a daidai lokacin da ta gaba ta hau. Bayan a-kori-kura ya kai santimita 80 daga ƙasa, katakon da bai kai mita 2 ba zai yi tsaye da yawa, cikin babur ya daki baki. In akwai tudu ko bakin kwalbati, a ja motar baya a jingina da shi, hawan ya ragu. Inji a kashe. Mutum biyu, ɗaya a hagu riƙe da kai yatsunsa a kan birki, ɗaya yana turawa daga baya. Masu hawa da wuta don a ga gwaninta su ne ke ƙarewa a kan gilashin bayan mota.

Tayar gaba tana buƙatar abin da za ta tokara da abin da zai hana ta juyawa. Idan babu mazaunin ƙarfe, kafinta zai yi maka: katako biyu masu tsawon santimita 40 a jere, tsakaninsu daidai faɗin tayar, na uku a gicciye a gaba, a ɗaure su da noti ta cikin daɓe. Ƙusa tana zarewa. Dalilin mazaunin shi ne, in kai ya samu damar juyawa ko da kaɗan, bel ɗaya ya saki, ɗayan ya janye babur ya kwantar. Kada a kulle wuya da makulli da sunan hana juyawa. Ɗan ƙarfen makullin ƙarami ne, girgiza tana karya shi.

Tsarin ɗaurin kansa ba shi da wuya. Taya ta tokari mazauni, a sa giya ɗaya, a bar babur na ɗan lokaci a kan ƙafar gefe. A maƙala bel na hagu a cire masa sako-sako kawai. A koma dama a ja har babur ya miƙe, sannan a naɗe ƙafar. Daga nan a riƙa ja kaɗan hagu, kaɗan dama, ana leƙowa daga baya ana duba miƙewarsa, har zaren ya nuna an kai. Bel ɗin gaba su tafi gaba da waje, kamar igiyar rumfa zuwa turke, wajen digiri 45. Wanda ya sauka a tsaye yana danne babur amma ba ya hana shi kwanciya. Wanda ya ja baya yana zare taya daga mazauninta. Zobban daɓe su zama masu noti da suka ratsa ƙarfen tirela da faffaɗan wasa a ƙasa. Siririn ƙarfen gefen bodi da ake rataya tamfol ba wurin ɗauri ba ne, yana buɗewa.

Bel ɗin baya aikinsu su hana gindi tsalle zuwa gefe. A kama firam kusa da matakin ƙafa, a ja ƙasa da waje, ba da ƙarfin na gaba ba. Kariyar ɗora kaya, salansa, ƙarfen riƙon fasinja da sifok duk ba su ɗaukar ɗauri. Wata hanyar mai kyau ita ce a zagaya tayar baya da bel ɗaya, a naɗa shi sau ɗaya a jikin taya da rim tsakanin sifok, nesa da bakin iska, a ɗaure bakinsa biyu hagu da dama. Idan an gama a mayar da giya firi, kada haƙoran giya su yi ta cin karo tsawon hanya. A naɗe ragowar bel a ƙulle, domin wanda ya sauka ya shiga ƙarƙashin tayar tirela zai fizge babur gaba ɗaya. Bel mai tsawo a murɗa shi rabin juyi, iska ba za ta riƙa kaɗa shi yana gogar fenti ba. Gwajin ƙarshe: ka kama kai ka jijjiga da ƙarfinka. Idan tirela ce ke motsi tare da babur, ɗauri ya yi. Idan babur ne ke rawa shi kaɗai, a sake.

Wanda ya fi kowanne tona asirin mai ɗauri shi ne babur ɗin gasar hawan duwatsu, na tirayal. Masu kallon bidiyon Toni Bou, ɗan Sifen da ke lashe gasar duniya a kan babur ƙirar Montesa tun 2007, sun san irinsa. A nan jefi-jefi yake faɗowa, cikin kayan gwanjo ko wani mai sha'awa ya yi odarsa, irin su GasGas, Beta, Sherco da TRS. Ganin ba shi da nauyi, kilo 70 ko ƙasa da haka, babu ma wurin zama, sai a raina shi a ce igiya biyu ta isa. Shi kuwa komai nasa taushi ne. Shok ɗinsa ya fi na baburan haya tsawon tafiya, wajen santimita 16 zuwa 17, kuma da hannu ɗaya za ka lotsa shi. Tayoyinsa, inci 21 a gaba da 18 a baya, ana hawansu da iska kaɗan ƙwarai, 4 zuwa 6 a awon masu faci, alhali babur ɗin haya yana shan 25 zuwa 32. Ke nan taya ma tana lotsawa a ƙarƙashin shok. Ka ɗaure shi tamau a gareji, rami na farko taya ta baje, shok ya nutse, bel ya saki. Don haka kafin ya hau a ƙara masa iska zuwa 15 ko 20, a gaya wa mai shi ya rage idan zai hau. Tayar bayansa ba ta da tub, idan aka bar ta a lotse aka matse ta da bel daga gefe tana iya sakin iskar da ta rage ta bakin rim.

A baburan shiga daji masu madigadi a sama, irin Honda XL, akwai dabarar sa guntun katako tsakanin taya da ƙarƙashin ƙarfen da ya haɗe shok, a ja bel har katakon ya kamu, ɗauri ya yi tauri ba tare da an danne shok ba. Dabara ce mai kyau, amma a na tirayal ba ta shiga, domin madigadinsa a ƙasa yake dab da taya, katakon zai sauka a kansa ya fasa shi. Abin da ke aiki shi ne a raba aikin biyu. A kama tayar gaba da mazauninta da gajeren bel, ta yadda ko shok ya yi wasa taya ba ta zuwa ko'ina. Sannan zobba masu laushi a saman ƙarfen da ya haɗe sandunan shok kamar kullum, a danne santimita 5 zuwa 6, da ƙugiya mai marufi ba fashi. Na baya a kama firam a gindin matakan ƙafa, nan ne ƙarfinsa yake. Bayan wannan wurin babu abin kamawa: madigadin baya roba ce siririya, salansar alminiyon ce, ƙafar gefensa ma a jikin ƙarfen tayar baya take, ba ta da ƙwari. Birki da kuloci duka na mai ne, tiyonsu siriri yana bi ta bayan allon gaba, nan ake matse shi ba a sani ba. A kula da lagireto da ƙaramar fankarsa, kada ƙugiya ko hannun wani babur ya jingina da su. Akwai kuma ɗan murfin maganaɗisu mai igiya a kan hannu, wanda ke kashe inji idan mahayi ya faɗi. A cire shi a sa a aljihu. Iska tana ɗauke shi a hanya, babur kuma ba ya tashi sai da shi, kuma ba abin da za ka shiga kasuwa ka saya ba ne.

Mai a rufe shi daga famfonsa, a bar inji ya shanye na cikin kafireta kafin lodi. Girgiza tana sa kafireta ambaliya, fetur ya zuba a daɓe ko ya gangara cikin inji. Tanki kada ya cika, musamman daga Maris zuwa Mayu da zafi ke haura digiri 40, man yana kumbura ya fito ta murfi ya ci fenti. Tamfol ban yarda da shi ba sai in ruwa ake yi: yana kaɗawa, ƙura ta shiga ƙarƙashinsa, ya goge tanki har ya dushe.

Idan babura da yawa ne, kowanne da nasa bel, ba a ɗaure wani a jikin wani. A gocantar da su, na tsakiya ya ɗan ja baya ko ya juya kai, don hannuwa kada su haɗu. A kwance madubai. A sa kwali tsakanin duk inda ƙarfe zai iya taɓa tanki. Wajen kashi 60 na nauyi ya kasance gaban tayoyin tirela, ta yadda kusan kashi 10 na dukan nauyin zai sauka a kan ƙwallon ja, inda tirela ke maƙale da mota. Tirelar da bayanta ya fi nauyi tana fara wutsiya da an ɗan yi gudu, kuma idan ta fara, a ɗaga ƙafa daga totur a riƙe sitiyari a miƙe, kada a daka birki. Sarƙoƙin tsaro biyu a gicciya su ƙarƙashin wuyan tirela. A gwada fitilun birki da na sigina kafin a fita, ba sai jami'an kiyaye haɗurra ko 'yan KASSAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar hanya ta jihar Katsina, sun gwada maka ba.

Ɗauri yana zama bayan an fara tafiya, bel ya miƙe, taya ta gyara kwanciya. A tsaya bayan kilomita 10 zuwa 15 na farko a taɓa kowane bel. A hanyar Daura, mai wajen kilomita 80, a sake tsayawa a Mashi, a ɗora bayan hannu a kan cibiyar tayar tirela; ɗumi ba komai, zafin da ba ka iya jurewa boris ne ke shirin ci. Duk inda aka sauka daga kwalta aka shiga burji mai gargada, a duba kafin a shiga da bayan an fito. Wannan tsayuwar ta minti biyar ita ce aka fi yi mana faɗa a kanta, wai ana ƙona lokaci. Direban kirki ba ya ƙin tsayawa idan ka gaya masa tun a gareji.

Wurin saukewa, a fara sauke ƙafar gefe, a kwance na baya, sannan bel na dama, don na hagu ya jawo babur ya zauna a kan ƙafarsa. Racet a take yake saki, shok ya harbo, don haka mutum ɗaya ya riƙe kai. Wajen gangarowa da baya birkin gaba yana zamewa a kan katako. A sa giya ɗaya, a riƙe kuloci, a riƙa sakinsa kaɗan idan ana son tsayawa.

Sauran gajeru ne. Takardun kwastan da rasit su kasance a gaban mota, musamman a hanyar Jibiya da ta Kongolam. Makullai a hannun mutum ɗaya. A ƙirga bel kafin a juyo. In kana da hali ka sayi naka bel huɗu ka rubuta sunanka a jiki, kada ka jira na gareji.

Ka ɗauki hoton kowane babur ta gefe huɗu kafin ya hau, da hoton ɗaurin bayan an gama, ka tura wa maigida ta WhatsApp kafin mota ta tashi, don lokacin ya zauna a rubuce. Idan an tilasta maka ɗaurin da ka san ba daidai ba ne, ka faɗa cikin ladabi a gaban direba, "Alhaji, zan yi yadda ka ce, amma ƙafar nan za ta lanƙwashe," ka kuma ɗauki hoton yadda aka sa ka yi. A wurin sauke kaya, mai karɓa ya zagaya babur ya duba shok, hannu da tanki, ya sa hannu a takarda kafin a sauke na biyu. Idan ya ƙi sa hannu, a dakatar da saukewa, a kira gareji a wayar direba, a yi maganar kowa yana ji.